Ranar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Da sunan Allah nake farawa, shi ya jarrabe mu da cutar, shi kuma ya ɗauke mana ita. Ni ce Hajo, matar Malam Garba manomin albasa a Wurno, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da ƙumbiya-ƙumbiya. Mata sun sha tare ni a gidan biki suna yi mini raɗa, wai da gaske ne ɗana ya taɓu? Na gaji da amsa musu ɗaya bayan ɗaya. To ga labarin nan gaba ɗayansa. Wadda ke da yaro a ɗaki ya yi shiru ya daina cin abinci, ta buɗe kunne da kyau.

Ɗan farina ne. Kun san yadda abin yake a wurinmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ni kuwa na riƙe kunyar nan da hannu bibbiyu, har ana ba da misali da ni a dangi. Ana yaye shi mahaifiyata, wadda dukanmu muke kira Inna, ta goya abinta ta tafi da shi ƙauyenmu can bayan Rabah. A can ya tashi. Ita yake kira Inna, ni kuwa Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa. In na je ganin gida sai in ce, “Ina yaron nan?” Gaisuwarmu ke nan. Inna kuwa ba irin wasan da ba ta yi da shi. Angona take ce masa. Ta ce ya kasa yi mata cefane, ya ce ai ta tsufa, sakinta zai yi ya auro mai haƙora, su yi ta dariya su biyu.

Yana da shekara goma sha shida 'yan bindiga suka shiga ƙauyen. Lokacin kaka ne, da rana tsaka, shi da Inna suna roron wake a gona. Sai suka ji ƙarar babura da harbi. Inna tana fama da ciwon gwiwa, gudu ba nata ba ne. Ta ce masa ya ruga, ya ƙi. Ta daka masa tsawa, ya faɗa cikin dawa. Da abin ya lafa aka same ta a bakin gonar, ba harsashi a jikinta, ba ko ƙwarzane. Zuciyarta ce ta tsaya. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

A gidanmu na Wurno aka yi zaman makoki, domin ƙauyen ya watse. Ni ce ɗiyar mamaciya, ni aka yi ta yi wa ta'aziyya har muryata ta dushe da amsawa. Shi kuwa yana rakuɓe a bakin zaure, duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, “Kai yaro, kawo tabarma,” ko “Kai yaro, cika buta.” Ya tashi ya kawo, ya koma ya zauna.

Makonnin farko ba mu ɗauki shirunsa a bakin komai ba. Wa zai ga abin da ya gani ya tashi yana surutu? Muka ce lokaci zai wanke. Ina zuba masa abinci a kwano mai kyau, in zaɓa masa tsokar da ta fi, in miƙa wa ƙanwarsa Saratu in ce, “Kai wa yayanki.” Kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi. Ranar da na dafa wake kuwa, ƙamshin kawai ya ji ya fita bayan gida ya yi ta amai. Daga nan na daina dafa wake a gidan nan.

Wata bai cika ba abin ya canza kama. Da safe idanunsa jajur, ka san bai runtsa ba. Ya daina wanka. Makarantar da babansa ya sa shi, ya je sau ɗaya bai koma ba. In ɗan kabu-kabu ya wuce ta ƙofar gida, kuma Wurno ai ba ta rabuwa da su, sai ka ga yaron nan ya zabura ya shige bayan rumbu jikinsa na ɓari. Sauran lokaci yana zaune ya juya wa duniya baya, ya zuba wa bango ido. Wuyansa ya yi tsawo, wandonsa sai da ya ƙara ɗaure shi da igiya.

Malam Garba mutumin kirki ne, amma a wurinsa duk ciwon da ba zazzaɓi ba ragwanci ne. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya koma faɗa. Sai ga yayarsa, Gwaggo Tumba, wadda ba a taɓa yin ciwo a danginsu ba ta san maganinsa ba. Ta tsaya a tsakar gida ta ƙare wa yaron kallo.

“Garba, mi kaka jira? Wanga yaro iska ta. Cikin dawa yaf faɗa da rana tsaka, ya taka ɗiyan mutanen ɓoye. Ni na san mai magani.”

Aka fara. Hayaƙi safe da yamma har yaron yana tari. Aka yi na shafawa, aka yi na wanka, aka yi na binnewa a bakin ƙofa. Mai maganin ya ce a kawo baƙin zakara, aka kai. Ya ce aljanin mai taurin kai ne, sai an ƙara. Akuyata mai ciki, wadda nake ji da ita, haka aka ja ta kasuwa ina kallo. Rubutu da addu'a kam ba na raina su, har gobe muna yi, su ne suka riƙe mini zuciya. Amma mutumin nan na zakara, Allah ya isa tsakanina da shi, kuma na faɗa na ƙara.

Da hayaƙi ya ƙi ci, Gwaggo Tumba ta zo da babbar magana. Wai akwai wani gida inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa har su dawo hayyacinsu. Ina bakin murhu na ji ta. Wallahi sai da muciyar ta faɗi daga hannuna. Ga bakina cike da magana, amma ni uwar ɗan fari ce. In na buɗe baki na ce ba a kai mini ɗa, gobe garin nan kaf za a ce Hajo ba ta da kunya. Na haɗiye, na ji kamar na haɗiyi garwashi. Da la'asar na saci jiki na je wurin matar liman na zazzage mata komai. Washegari liman ya tare Malam Garba bayan sallah ya ce masa yaron da ba ya duka, ba ya zagi, ba a ɗaure shi, kuma addu'a da asibiti ba su taɓa faɗa da juna ba. Maganar mari ta kwanta, amma Gwaggo ta ce ta ba mu zuwa kwasar albasa, in bai warke ba da kanta za ta kai shi.

Ana cikin haka na kai autata rigakafi a ƙaramin asibitin unguwarmu. Akwai wata ma'aikaciya a wurin, Malama Asma'u, doguwa, mai magana a hankali. Na zauna a benci hankalina yana gida, can na miƙe na gyara goyo na kama hanya. Ta biyo ni har bakin ƙofa.

“Hajo, mi yas same ki?”

“Lahiya lau.”

“Lahiya ba ta sa uwa ta zaka rigakahi ta tashi ba a yi allurar ba. Zauna.”

Na zauna. Na ce, “Yaron gidanmu na.”

“Wane yaro?”

“Na wajen Inna.”

Ba ta sake tambaya ba, ta gane ko wane ne. Na ba ta labari ina share hawaye da gefen mayafi. Ta ce ba shi kaɗai ba ne, tun da aka fara shiga ƙauyuka suke ganin yara irinsa, har an horar da su yadda za su taimaka musu. Duk ranar Laraba suna zama da matasa a bayan asibitin, iyaye ma suna da nasu zaman.

Kashegari ta zo gidanmu. Ba ta taɓa shi ba, ba ta tsare shi da tambaya ba. Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna nesa kaɗan, ta gaishe shi, ta yi shiru tare da shi. Da za ta tafi ta ce wa Malam Garba lallai a kai shi babban asibitin da ke duba irin wannan ciwo, can wajen birni, ba tare da jinkiri ba. Ta karɓi wayarsa ta sa masa lambarta.

“Ko wane lokaci na, in kunka ga abin da ba ku gane ba, ku kira ni. Kuma kada a bar shi shi kaɗai.”

Malam Garba ya ce to. Amma to ɗin manomi a lokacin albasa, kun san ta. Yau ban ruwa, gobe ciyawa, jibi bari a kwashe tukuna. Ni kuma ba ni da bakin matsa masa. Har yau in na tuna jinkirin nan raina yana ɓaci, kuma ya sani, don na sha gaya masa.

Da aka fara kwasa sai ya yanke shawarar kansa, wai aiki ne maganin zaman banza. Ya ɗauki yaron suka bi motar albasa zuwa kasuwar Goronyo. Ga cinkoso, ga ihun 'yan dako, ga babura ta ko'ina. Ana sauke buhuna tayar wata mota ta fashe. Kafin Malam Garba ya waiwaya, yaro ya ɓace. Aka shiga layin hatsi, aka shiga kara wurin dabbobi, babu shi babu alamarsa.

Wani masunci ne ya gan shi can bakin ruwa, wajen madatsar ruwan Goronyo, shi kaɗai a tsaye. Dattijo ne, ko sunansa ban sani ba, amma ba na sallah ban sa shi a addu'a ba. Ya ce da ya dubi idon yaron ya san ba kallon kifi ya zo yi ba. Bai yi ihu ba. Ya matso a hankali ya ce, “Samari, kama mani bakin tarun ga, hannuna ya gaji.” Yaron ya kama. Dattijon ya ja shi inuwa, ya zaunar da shi, ya riƙe gefen rigarsa yana ta ba shi labarin kifi. Da ya tambaye shi ina za shi, sai ya ce wurin Inna. Masuncin ya aika kasuwa a yi cigiyar mai yaro.

A nan lambar nan ta yi ranarta. Malam Garba ya kira Malama Asma'u. Ta ce kada ya yi masa faɗa, kada ya bari a taru a kansa, kada kowa ya ɗaure shi. Ya zauna kusa da shi, ya samo mota, su biyo ta Wurno su ɗauke ta. Ina daka aka aiko mini. Na bar taɓarya a cikin turmi, na miƙa wa maƙwabciya goyo, na fito ko takalmi ban sa daidai ba. A motar nan na zauna a bayansa ina kallon ƙeyarsa har muka isa, ina jin tsoron da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Asibitin kuwa, Allah ya saka wa masu aikinsa, amma wuya kam a nan ake shan ta. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita ya zagaye baranda ya fita rana. Wani mai ba da kati ya daka mini tsawa wai na tsaya ba a kan layi ba. Na ce masa, “Ɗana, da ka san abin da ya kawo ni, da ka ba ni kujerarka.” Ya miƙo mini katin. Ba don Malama Asma'u ta shiga ta yi musu bayanin abin da ya faru a bakin ruwa ba, da sai mun wuni. Maganin da aka rubuta, rabinsa babu a asibitin, sai a kanti a waje. Albasar da muka so mu zuba a rudu, rumbun ajiyarta, mu jira ta yi tsada, haka aka sayar da ita a arha ana tsakar kakarta. Ban yi kukan albasa ba, amma Malam Garba ya yi kwana biyu ba ya son a ambace ta.

Likitan yaro ne, da a hanya na gan shi sai in aike shi sayen gishiri. Amma ya san aikinsa. Ya daɗe da yaron su biyu, sannan ya kira mu. Abin da ya faɗa har yau yana kunnena.

“Mama, wannan ba hauka ba ce. Rauni ne, sai dai ba ya jini. Ya ga abin tsoro, ya yi babban rashi, abin ya zauna masa ya zama ciwon damuwa mai tsanani. Ana warkewa. Amma magani rabi ne, rabin yana gida.”

Suka riƙe shi kwanaki, babansa yana jinyarsa, ni ina kai abinci. Da aka sallamo mu, makon farko maganin ya yi ta sa shi barci, bakinsa yana bushewa. Gwaggo Tumba ta zo ta ce, “Kun gani? Sun kashe mai jiki. A zubar da ƙwayoyin ga.” Wannan karon Malam Garba ne ya ce mata a'a, don abin da ya gani a Goronyo ya ishe shi wa'azi. Muka kira Malama Asma'u, ta ce haka yake yi da farko, kada a kuskura a tsayar sai da izinin likita. A mako na uku ya fara cinye rabin kwano. Ya yi wanka da kansa. Babur ya wuce, ya runtse ido amma bai gudu ba.

Muka shiga zuwa zaman Laraba. Matasa suna gindin darbejiya da wani ma'aikaci namiji, mu iyaye muna baranda da Malama Asma'u. Ranar farko na lulluɓe fuska kada a gane ni. Ina zama sai ga matar mai shayin bakin tasha, ga wata da muke haɗuwa a injin niƙa kullum tana ce mini lafiya lau. Ashe kowa da nasa a ɗaki, ana ta ɓoye wa juna! Muka kalli juna muka fashe da dariya, wata kuma ta fashe da kuka. A nan na koyi cewa ba a ce wa mai wannan ciwo “ka cire abin a ranka”, don da yana ciruwa da ya cire tuni.

Jiki ya dawo, amma yaron bai dawo ba. Yana ci, yana barci, yana bin babansa fadama, sai dai fuskar nan a rufe. In na shigo tsakar gida sai ya tashi ya fita. Hankalina bai kwanta ba, don na san wanda ya je bakin ruwa sau ɗaya ya san hanya.

Wata Laraba bayan an watse, Malama Asma'u ta ce in tsaya. Ta ce akwai maganar da ya gaya mata, kuma ta nemi izninsa ya yarda ta faɗa mini.

“Hajo, shina ganin ba ki yahe mai ba.”

“Yahe mi?”

“Cewa yay yi ya gudu ya bar uwarki ta mutu. Tun da yaz zaka gidanku ba ki dubi idonai ba, ba ki kira sunanai ba, abinci ma sai ki aiko Saratu. Kuma duk mutanen da sunka zaka makoki, ba wanda yay yi mai ta'aziyya. Har ke.”

Kai, ranar na yi faɗa! Na ce wannan wace irin magana ce? Ɗan fari na fa! Shi baƙo na a ƙasar ga da bai san kunya ba? Wa ke zaɓa masa tsoka? Akuyar wa aka sayar? Wa ya je gidan liman? Na yi ta zuba, ta bar ni har na gaji.

“Ya san kunya, Hajo. Da lahiyatai da bai ɗauke ta haka ba. Amma ciwon ga shina juya ma mutum komi. Kuma ki tuna, shi inda yat tashi kullum ana kiran shi ana tsokana tai. Rana ɗaya muryar ta ɗauke, yaz zaka gidan da ba mai kiran shi.” Ta ƙara da cewa, “Ni ma ɗiyar hwari ta. Na san uwata tana so na, amma da ina da ciwon ga, sani kaɗai ba ya isa ta. Ban ce ki yar da kunya ba. Ki aje ta rana guda, ki yi ma ɗanki ta'aziyya.”

Na koma gida ina huci. Amma maganar ta bi ni har bakin murhu. Na tuna shi a bakin zaure da buta a hannu, ana wuce shi ana zuwa gaishe ni, alhali shi ne ya rasa wadda ta goya shi. Tausayinsa ya kama ni har na kasa tuƙa tuwo.

Sai dai faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. Shekara goma sha shida harshena bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Na shiga gwadawa a ɓoye. In je garke in faɗa wa tunkiya, ta ɗago ta dube ni. In buɗe baki a madafa, sai in ji kamar Inna da kakannina duk suna tsaye a bayana. Saratu ta kama ni ina motsa baki ni kaɗai, ta ce, “Inna, ke ma a kai ki wurin likita?” Na jefe ta da mara. Sau biyu ina tunkararsa in dawo da “kai yaro” a bakina.

Ranar da Allah ya nufa, da hantsi ne. Gidan ba kowa, yana zaune a ƙarƙashin rumfa yana tsince ruɓaɓɓu daga 'yar albasar da ta rage mana. Na zuba fura a ƙwarya, na ɗauka da hannuna, ban nemi Saratu ba. Na tsaya a bayansa.

“Lawali.”

Bai juyo ba. Ya ɗaga kai yana duban ƙofar gida, yana neman wanda ya kira shi. Bai san sunansa da muryata ba.

“Lawali, ni ta. Dube ni.”

Ya juyo. Na durƙusa a gabansa na ajiye ƙwaryar, na dubi tsakiyar idonsa. Ashe idon Inna ne da shi sak, ban taɓa tsayawa na gani ba.

“Na zaka yi maka ta'aziyyar Innarka. Ya haƙuri?”

Ya ce, “Adda, na bar ta. Na gudu na bar ta.”

“Ba barin ta kay yi ba, umurninta kab bi. Na san uwata, in tac ce a gudu, ko Sarkin Yaƙi sai ya gudu. Kwananta ya ƙare, ko kana riƙe da hannunta sai ta tahi. Da ka tsaya, da biyu zan rasa. Ban taɓa riƙe ka da laihi ba, ko na ƙiftawar ido. Kullum ina gode ma Allah da kaf faɗa dawar nan.”

Sai Lawali ya fashe da kuka. Tun rasuwar ba wanda ya ga hawayensa sai ranar. Ya kifa kansa a gwiwata, ƙato da shi, na dafa kan nan da rabona da taɓa shi tun yana shan nono. Muka yi kukanmu mai isarmu a cikin warin albasa. Da muka gama ya ɗauki furar ya shanye tas, ya ce ta yi tsami. Na ce uban wa ya hana shi sha tun da safe.

Kada wata ta ji wannan ta ce kiran suna ne magani. A'a. Ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa wata da watanni, muna komawa wurin likita muna bin layin nan mai cin rai, har likitan da kansa ya rage ya kuma tsayar. Akwai makon da aka yi harbi a wani ƙauye kusa, ya koma bayan rumbu, muka kira Malama Asma'u ta zo ta zauna da shi. Amma tun daga ranar furar nan, in abin ya taso masa, ni yake nema ya ce, “Adda, yau ba ni jin daidai.” In ajiye abin da nake yi mu zauna.

Yanzu ku zo ku ga Lawali! Ya koma makaranta. Babansa ya yanka masa fili a fadama, kuma da damina da hannunsa ya shuka wake a gonar tudu, ya roro, ya kawo mini ya ce in dafa. Na dafa, ya ci kwano biyu. Ranar Laraba shi ke bi gida-gida yana jawo yaran da suka yi shiru, don in shi ya ce musu ana warkewa sun fi yarda. Na gode wa Allah. Na gode wa Malama Asma'u, da likitan nan ɗan yaro, da liman da matarsa, da masuncin Goronyo. Ku kuma iyaye, in yaro ya daina ci, ya daina barci, ya fara zancen bin wanda ya mutu, kada ku jira a kwashe albasa. Ku kai shi a ranar, kada ku bar shi shi kaɗai, kuma kada ku yarda a sa masa mari.

Kwanan baya aka yi suna a gidan Gwaggo Tumba, tsakar gida cike da mata. Na hango shi ya zo wucewa ta ƙofar zaure da buhun shinkafa a kafaɗa. Ina buƙatar a ɗauko mini tukunya, sai kawai na ɗaga murya na kira shi. Gwaggo ta saki ludayi ta riƙe haɓa.

“Hajo! Ɗan hwari? Gaban mutane? Ina kunyarki tat tahi?”

Na ce, “Gwaggo, tana nan, na aje ta ɗaka. Kunya ba ta amsa kira, ɗana kuwa shina amsawa. Saurara ki ji.”

Na cika ƙirji na sake ƙwala masa kira yadda har maƙwabta za su ji.

“Lawali!”

Ya sauke buhun, ya leƙo ta zaure yana dariya. Ina jiran in ji “Na'am, Adda” kamar kullum.

Ya ce, “Na'am, Inna.”